Sharuɗɗan Jinyar Tsoho da Gajiyayye a Ƙasar Zakka

Wannan bayani ne zuwa ga malamai ma'abota allo da littafi, da fatake da 'yan kasuwa ma'abota mudu da sikeli, a kan wata mas'ala wadda babu gidan da za ta tsallake, watau jinyar tsoho da naƙasasshe a cikin gida. A Zakka, cikin ƙaramar hukumar Safana, da sauran garuruwan da ke gefen Dajin Rugu har zuwa Batsari, idan ƙarfin mutum ya ƙare, ko ɓarin jikinsa ya shanye, ko idonsa ya rufe, ɗakinsa a ke share masa, a shimfiɗa masa tabarma, iyalinsa su ɗauki nauyinsa har Allah ya yi ikonsa. Wannan al'ada abin yabo ce, babu mai hankalin da zai so a bar ta. Amma fa ƙauna ita kaɗai ba ta hana gyambo fita a bayan wanda ya yi wata uku kwance, ba ta kuwa hana tsohuwa ƙwarewa da kunu. Jinya aiki ne mai sharuɗɗa, kamar yadda alwala ke da farillai. Wanda ya jahilci sharuɗɗan nan yana iya cutar da mahaifinsa, alhali kuwa yana tsammani hidima ya ke yi masa.

Yadda zamani ya sake

Da can gida gandu ne. Uba da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki suna cikin shinge ɗaya, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. In tsoho ya kwanta hannuwa goma ne a kansa: wannan ta dama masa fura, wancan ya kama shi ya kai shi bayan gida, abokan hirarsa su shigo bayan la'asar, in sun ga abin da bai dace ba su faɗa. Makafi da guragu da kutare suna da sarakunansu masu kai kukansu fada. Tun cikin shekarun 1930 akwai asibitin kutare na Babbar Ruga a kan hanyar Batsari, kusa da birnin Katsina. Dattawa kuma ba su manta da dubagari na zamanin En'e ba, wanda ya kan shiga gida ya leƙa randa da masai, in ya tarar da ƙazanta maigida ya amsa tambaya.

Yau gandu ya watse a gidaje masu yawa. Samari sun tafi Kano da Abuja da Ikko da Fatakwal neman abin rufin asiri. Sa'an nan ga fitinar ɓarayin daji. Ran 14 ga Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar cikin ƙasar Batsari, 'yan sanda kuma suka ce galibinsu tsofaffi ne da yara waɗanda suka kasa gudu. A watan Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari, aka kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin wasu daga cikinsu. Har wajen ƙarshen shekarar nan ɗan da ke Ikko bai da hanyar jin muryar uwarsa. A shekarar 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, har da waɗannan biyu, amma gidajen da suka watse ba su koma yadda su ke da ba.

To, abin da ya biyo baya shi ne, jinyar da mutum goma ke yi ta koma kan mutum ɗaya. Ko dai matar ɗa mai goyo, ko jikanya 'yar shekara goma sha biyu, ko almajirin da ke yi wa gidan aike. Ɗan da ke nesa ya kan aiko da kuɗi ta waya, ya tambaya, "Yaya jikin Baba?" A ce masa, "Da sauƙi." Shi ke nan bincike ya ƙare. Kowa kuwa ya sani a ƙasar Hausa ko mutum yana gargara "da sauƙi" a ke cewa.

Abin da hukumomi suka shirya

Wannan damuwa ta game duniya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarun 2021 zuwa 2030 domin lafiyar masu tsufa. A Ingila, inda a ke biyan ma'aikata su shiga gidajen tsofaffi su yi musu wanka da ciyarwa, an kafa hukuma mai suna CQC a 2009. Duk kamfanin da ke aika ma'aikatan jinya gidajen mutane tilas ya yi rajista da ita. Masu dubanta suna bin tambayoyi biyar: shin majinyaci ya kuɓuta daga cutarwa, shin jinyar tana amfani, shin ana yi masa da tausayi, shin ana biyan bukatarsa shi kansa, shin shugabannin aikin sun san abin da su ke yi. Su kan buga sakamako kowa ya gani, suna kuma da ikon rufe kamfani. Kafin a ɗauki ma'aikaci sai an bincika ko yana da tabon laifi wurin hukuma. A Japan kuwa, tun shekarar 2000 duk wanda ya kai shekara 40 yana zuba kuɗi cikin asusun jinyar tsufa, in bukata ta zo a rubuta masa tsarin jinyarsa dalla-dalla.

A Nijeriya ma an soma. A watan Janairu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Cibiyar nan ta haɗa kai da hukumar ilmin sana'a ta NBTE suka tsara matakan koyar da masu jinyar tsofaffi, ta kuma rubuta ƙa'idodi ga kamfanonin da ke aika su gidaje. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a dokar hana wulaƙanta naƙasassu, aka kafa hukumarsu a 2020. Asibitin koyarwa na Badun ya buɗe cibiyar jinyar tsofaffi, ta farko a ƙasar nan, tun 2012.

Duk wannan alheri ne. Sai dai ƙa'idodin nan an rubuta su ne domin kamfanoni da ma'aikata masu takardar shaida, jinyar ƙauye kuwa a hannun dangi ta ke. Saboda haka abin da ya kamata mutanen Zakka su ɗauka shi ne tushen da aka gina ƙa'idodin a kai, kuma guda huɗu ne: a san wanda alhakin ke wuyansa da sunansa, a koya wa mai jinya aikin, a rubuta abin da aka yi, sa'an nan wani ido daga waje ya zo ya duba. Babu ɗaya daga cikin huɗun nan da ya fi ƙarfin gidan talaka.

Wa ke da alhaki

Malaman Malikiyya sun daɗe da warware wannan. Ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan 'ya'yansu masu hali, maza da mata, kuma maganar da aka fi ƙarfafawa ita ce a raba nauyin gwargwadon wadatar kowa. A cikin Muhtasar na Shaihu Halilu an haɗa har da ɗaukar nauyin mai yi musu hidima. Ashe ke nan ladan mai jinya yana cikin wajibin, daidai da hatsi da tufa. Matar ɗa kuwa shari'a ba ta ɗora mata jinyar surukanta ba. In ta yi, kyautatawa ce ta yi, ta cancanci godiya da taimako, ba a kuwa tilasta ta. Har wa yau mutum ba ya ba iyayensa zakkarsa a madadin ciyarwar da ta wajaba a kansa, amma gajiyayyen da ba shi da kowa yana cikin waɗanda suka fi cancantar zakkar hatsi da ta kuɗi a unguwarsa.

Don haka ran da tsoho ya kwanta, ya kamata 'ya'ya su zauna gaban wani babba na dangi ko liman, a ambaci mutum ɗaya a ce shi ne jigon jinyar, a faɗi abin da kowa zai kawo kowane wata, da wanda zai kwana wurin majinyaci, da wanda zai karɓe shi. Kayan da aka ce na kowa ne, a rana su ke kwana.

Kwanciya

Wanda ba ya iya juya kansa, nauyin jikinsa yana danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya daina zuwa wurin, nama ya mutu daga ciki. Wannan shi ne gyambon kwanciya, ya kan fito a ƙasan gadon baya, da kwatangwalo, da diddige, da allon kafaɗa. In ya yi zurfi ya kan kai ƙashi, ya kan kuma yi kisa. Ƙa'idar masu jinya ita ce kada a bar shi a gefe ɗaya fiye da awa biyu. Juyawa a lokutan salla biyar kaɗai ba ta isa ba, sai a ƙara a tsakaninsu, da dare ma a tashi. A sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, a ɗaga diddigensa kada ya taɓa shimfiɗa. Littattafan Turawa suna cewa a nemi ja a fata, amma a baƙar fata ja ba ya nunawa. Abin da za a nema shi ne wurin da ya fi sauran jiki duhu, ko ya ke ƙyalli, ko ya yi tauri ko ɗumi. In an gan shi kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi, kada a barbaɗa toka ko garin magani. A ɗauke nauyi daga kansa, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Ledar da a ke shimfiɗawa don fitsari tana tara gumi, sai a rufe ta da zane mai taushi, a sake shi da zarar ya jiƙe.

Ci da sha

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa maƙogwaronsa ma ya raunana, abinci ya kan bi hanyar numfashi ya sauka cikin huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da tari su taso. Kada a ciyar da shi yana kwance. A zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, a bar shi zaune rabin awa bayan ya gama, a wanke masa baki. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya ga irin wannan majinyaci. Ɗura haramiyar jinya ce. Wanda ya suma ko hankalinsa ya gushe, kada a zuba masa kome a baki, ko ruwa ne, ko jiƙo, ko rubutu.

A nan akwai magana ta musamman ga malamai. Idan bakin mutum ya karkace farat ɗaya, hannu ya saki, magana ta sarƙe, alamar toshewa ko fashewar jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa, kowace awa kuwa tana da tsada. Galibi malam a ke fara kira kafin likita. Shi ya fi kowa iko ya yi addu'arsa a tsaye, sa'an nan ya ce a nemo mota yanzu a kai shi babban asibitin Dutsinma ko na Batsari, in sun ga ya fi ƙarfinsu su tura asibitin koyarwa na Katsina. Maganarsa a wannan lokaci ta fi ta kowa shiga kunnen dangi.

Wata ɓoyayyar cuta ita ce ƙishirwa. Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, sa'an nan da yawa su kan rage shan ruwa da gangan don tsoron yoyon fitsari ya ɓata musu tsarki. Ya kamata a sanar da su sauƙin da ke cikin mazhaba: yoyon da ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye ba ya warware alwala, wanda ruwa zai cutar da shi ya yi taimama, wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune ko a kwance, tsohon da azumi ya gagara ya sha, an so ya ciyar. A farkon Afrilu 2024, cikin azumi, zafi ya kai awo 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ƙidaya mamata 102 cikin kwana huɗu, kusan rabinsu sun haura shekara 60. Bazarar Katsina 'yar'uwar ta Mali ce. In fitsarin tsoho ya yi ja ya ragu, harshensa ya bushe, ko ya ruɗe farat ɗaya, a fara tuhumar ƙishirwa. A fitar da shi daga ɗakin kwano da rana zuwa inuwa, a riƙa shafa masa jiƙaƙƙen tsumma.

Da hunturu kuwa haɗarin kaskon wuta ne. Garwashi a ɗakin da aka toshe yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum ya yi barci ya zarce. Mai ciwon sukari da wanda kuturta ta taɓa, ƙafarsu ba ta jin zafi, ta kan ƙone ba su sani ba. A ɗumama ɗaki, a fitar da kasko kafin a kwanta, a ƙara bargo.

Magani

Mutum ɗaya ne zai riƙe magani, shi zai bayar, shi zai san adadi. Maganin hawan jini ba a barinsa don an ji sauƙi, barinsa na cikin abin da ke jawo shanyewar jiki. Mai shan maganin sukari in bai ci abinci ba sukarinsa na iya faɗuwa, ya yi gumi da rawar jiki da ruɗewa. In yana iya haɗiya a ba shi abu mai zaƙi nan da nan. Magungunan ciwon gaɓɓai irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda tsofaffi ke sha kullum kamar goro, suna huda ciki, suna lalata ƙoda, suna tada hawan jini. Haɗin ƙwayoyi da a ke ƙullawa a leda a kasuwa babu wanda ya san abin da ke ciki, mai sayar da shi ga tsoho ya ji tsoron Allah. Ran zuwa asibiti a tattara duk abin da majinyaci ke sha, na kemis da na gargajiya, a kai wa likita ya gani.

Faɗuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 684,000 ke mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa. A gidan ƙauye wuraren faɗuwa sanannu ne: dokin ƙofa, da santsin makewayi, da bakin masai, da duhun dare. A rage tsawon dokin ƙofa, a kafa sanda mai ƙarfi a makewayi ta kamawa, a huda kujera a ɗora bisa masai ko fo ga wanda ba ya iya tsuguno, a ajiye tocila kusa da hannunsa. Makaho a ɗaura masa igiya daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida, kada kuma a sake wa kayan ɗakinsa wuri ba da saninsa ba. In tsoho ya faɗi ya kasa tashi, aka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ƙashin kwatangwalo ne ya karye. Kada a ja, kada a miƙar da shi. Wannan karaya tana can cikin nama inda karan ɗori ba ya kamawa, sai asibiti mai ɗaukar hoto.

Har wa yau ba kowace makanta ce ta dindindin ba. Binciken da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ita ce babbar sanadin makanta, ana kuwa cire ta a asibitin ido mutum ya koma gani. Masu tsokale ta da tsinke a kasuwa sun makantar da mutane da yawa. Kafin a ce tsufa ne, a kai shi a duba.

Mutunci da dukiya

Gajiyayye bai fita daga mutuncinsa ba. A yi sallama kafin a shiga ɗakinsa, a rufe al'aurarsa wurin wanka, namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace in da hali. A tambaye shi, "Baba, yanzu za a yi wankan ko sai rana ta yi?" Gurgu ko makaho ko kurma baligi mai hankali shi ke da ikon kansa, shi za a shawarta a kan jinyarsa da aurensa da sana'arsa. Wanda ke tura naƙasasshen ɗan'uwansa bara ya karɓe abin da ya samo, zalunci ya ke ci.

Akwai gigin tsufa, ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Tsohuwa ta manta sunan 'ya'yanta, ta fita da dare tana neman gidan ubanta, ta yi maganganun da ba su da kai. Jahilai su kan ce mayya ce, wani lokaci har a yi mata duka. Wajibin malamai ne su kashe wannan magana a kan mumbari da wurin karatu. Kada a ɗaure irin wannan majinyaci da igiya ko mari, kada a kulle shi a ɗaki a tafi gona. A watan Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa masu irin wannan lalura haƙƙinsu. A sanar da maƙwabta halin da ta ke ciki domin wanda ya gan ta a hanya ya komo da ita cikin lalama. In kuwa ruɗewar ta zo kwatsam cikin kwana ɗaya ko biyu, a nemi zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko ƙishirwa, waɗannan suna da magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum ɗaya cikin shida na waɗanda suka kai shekara 60 ya gamu da wani nau'in cutarwa cikin shekara guda, cin dukiya kuwa yana ciki. 'Yan kasuwa su lura da wannan. Sharaɗin mai ƙulla ciniki shi ne ya zama mai rarrabewa. Tsohon da hankalinsa ya gushe ba ya sayar da gona, ba kuwa wani ɗa da zai sayar da sunansa sai alƙali ya naɗa mai kula da dukiyarsa. Wanda aka kawo wa gona ko shanu ko hatsin tsoho da araha, ya tambaya ya ji, ya nemi shaidu. Katin banki da kuɗin fansho kuma, wanda ya riƙe su ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ya nuna wa 'yan'uwansa.

Mai jinya

Galibin muguntar da a ke yi wa majinyaci daga gajiya ta ke tasowa. Matar da ta yi wata shida ba ta yi barcin kirki ba, ga girki, ga goyo, ga wankin zannuwan kashi, wata rana za ta daka tsawa ko ta kai hannu. A ba ta ranar hutu kowane mako, a sami mai karɓarta da dare, a wadata ta da sabulu da safar hannu da ruwa. Mutum biyu ke ɗaga babban mutum, in ba haka ba bayan mai jinya ya tafi, majinyaci kuma ya suɓuce. Kada a cire yarinya daga makaranta a ɗora mata abin da ya gagari manya, kada kuma a bar wa almajiri ƙarami ba da magani.

In za a ɗauki mai aiki da lada, a bi sharuɗɗan ijara: aiki sananne, lada sananne, lokaci sananne, gaban shaidu. Ɗan kasuwa ba ya ba baƙo kaya bashi sai da mai lamuni, to, yaya zai ba baƙo uwarsa? A tambayi mai unguwar inda ya fito, a ji inda ya taɓa aiki. Sa'an nan a tafi da shi asibitin da ya fi kusa, a roƙi ma'aikacin lafiya ya nuna masa juyawa da ciyarwa da wanke gyambo da hannunsa. A biya shi kan lokaci, gama wanda aka danne wa lada a kan majinyaci ya kan huce.

Rubutu da mai dubawa

Masu karanta wannan shafi Allah ya ba su alƙalami. Littafin rubutu guda ɗaya ya isa, a rataye shi a ɗakin majinyaci, a rubuta da ajami kowace rana: abin da ya ci, da kofi nawa ya sha, da maganin da aka ba shi da lokacinsa, da fitsari da bayan gida, da halin fatarsa. In mai jinya ba ta rubutu, wani ɗalibi ya zo bayan magariba ta faɗa masa ya rubuta. Da wannan littafi likita zai gane abin da ya faru, da shi kuma za a kashe gardamar 'yan'uwa.

Kowane mako wani wanda ba a gidan ya ke kwana ba, ƙanwar tsohon ko amininsa ko matar liman, ya shigo ya duba da idonsa: ya shinshina ɗaki, ya ɗaga zane ya ga baya da diddige, ya keɓe da majinyaci ya tambaye shi ko akwai abin da ke damunsa. Kowane wata a auna jininsa. Ɗan da ke nesa kuma ya sake irin tambayarsa. Ya ce, "Inna, me kika ci yau? Wa ya kwana wurinki? Maganin saura ƙwaya nawa?" In ya zo gida ya duba da kansa, gama gani ya kori ji.

Saura sharaɗi ɗaya wanda ƙasar Rugu ta koya da jini. Mai unguwa da liman su san kowane gida da ke da wanda ba ya iya gudu, a ambaci mutum biyu da za su ɗauke shi in an ji harbi, a san baro ko amalanke ko babur da za a ɗora shi, da gidan da za a kai shi a Safana ko Dutsinma. Maganinsa da katin asibitinsa da littafin nan su zauna cikin jaka ɗaya a bakin ƙofa. Shawarar da ba a yanke da rana ba, ba a yanke ta da tsakar dare.

Malamin da ya karanta wannan ya karanta wa almajiransa manya da matan unguwa. Ɗan kasuwa kuma, ran da ya koma gida, ya shiga ɗakin tsohonsa ya zauna, ya duba shimfiɗa da fata da magani kamar yadda ya ke duban kayan da ya saya da kuɗinsa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙuri da lada, ya zaunar da ƙasar Katsina lafiya, ya sa a gama da iyaye lafiya. Haza wasalamu.